Jarumi a Gonar Gero

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin bikin abokina Sanusi. Mutane suna ba da labarin suna dariya har da hawaye, ni ma yanzu nakan taya su. Amma a ranar babu wanda ya yi dariya. Ni kam mutuwa na gani da idona, ta wasu 'yan ramuka biyu da tela ya huda mini.

Bari in ɗauko muku daga farko. Ina da ɗan shago a Konni, kusa da tasha, inda nake tura wa mutane finafinai a waya da memori. Akwai na Indiya, akwai na Hausa, akwai na yaƙi, amma ni abin da ya tafi da hankalina shi ne finafinan jaruman nan na Turawa masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Wannan ya tashi sama, wancan ya ɗaga jirgin ƙasa, wani a harbe shi harsashi ya faɗo kamar tsakuwa. Babu wanda ban kalla ba, mai fassara da marar fassara. Na san wa ya haifi wa, wa ya mutu a zango na biyu ya dawo a na huɗu, wa aka canza wa kaya aka ɓata shi. Tun 'yan fadarmu, wato majalisar hirarmu, suna kirana Dirakta don tsokana har sunan ya bi ni, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. (Mahaifiyata ta ɗauka wani muƙami ne aka ba ni a buro, wato ofis. Ban gyara mata ba.)

A fadar tamu, inda muke shan shayi bayan la'asar, an rabu gida biyu. Akwai masu goyon bayan jarumai masu tashi sama, waɗanda fuskarsu take a buɗe kowa ya san su. Shugaban wannan ɓangare Sanusi ne, direban kamiyo mai ɗaukar siminti daga Malbaza. Sai kuma mu, masu ganin jarumin gaske shi ne wanda ba shi da wani ƙarfi na aljanu, zuciya kawai gare shi da horo, kuma ba ya nuna fuskarsa. Nawa gwanin baƙaƙen kaya yake sawa tun daga kai har ƙafa, ido kaɗai ake gani, da sanda goye a baya, da wani farin layi a ƙirji. Sunansa kam ba zan faɗa ba, don har yanzu in aka ambace shi gabana faɗuwa yake.

Mun shekara da shekaru muna wannan musu. Shayi ya huce a sake ɗorawa, ba a gama ba. Hujjata kullum ɗaya ce: wanda harsashi ba ya huda shi, ina jarumtarsa? Ai ko akuya aka ba irin wannan fata za ta shiga yaƙi. Ran nan muna cikin yi sai Sanusi ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Dirakta, wanga gwanin naka ɓarawo na da bai samu sana'a ba," in ji shi. "Mutumin kirki mi zai sa shi ɓoye huska? Wallahi in ya shigo garinmu haka, kahin shi buɗe baki an raba shi da ranshi."

"Kai dai ba ka san fim ba," na ce. "Jarumi ba a huska aka gane shi ba, a tsayuwa aka gane shi. Mutane na ganin yadda yat tsaya, zuciyarsu za ta hwaɗa musu wanga mai ceto na."

Aka tuntsire da dariya, har da 'yan ɓangarena, waɗanda na daɗe ina tura wa finafinai kyauta. Wannan dariya ta tsaya mini a rai. Na kwana da ita, na tashi da ita. Don haka da aka sa ranar bikin Sanusi a ƙauyensu, can wajen Bazaga, dab da girbi, sai wani tunani ya faɗo mini wanda a lokacin na ɗauka wahayi ne. Zan ɗinka kayan gwanina. In an zauna da yamma ana kiɗa, in ɓullo ba zato, in hau amalanken jaki in harɗe hannuwa. A yi tafi, a ɗauka a waya, Sanusi ya ga da idonsa cewa a tsayuwa ake gane jarumi.

Na tafi wurin Ma'azu tela, wanda yake ɗinkin kaya kuma yake yi wa masu moto, wato babur, rigar kujera. Na nuna masa hoto. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce abin da ya fi kama da wannan yadi a shagonsa shi ne baƙar ledar kujerar moto. Na ce ita nake so. Ya ɗinka riga da wando da mayafin baya, ya yi hular da ta rufe kai duka har wuya, da zif a ƙeya.

"Dirakta, wagga leda ba ta numfashi hwa," ya ce mini.

Na ce ai jarumta sai da wahala. Na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Na samo guntun bututun roba na shafe shi da baƙin fenti, na ɗaura masa igiya, ya zama sandar goyawa. Na sayo takalman soja a gwanjo. Babu mahaluƙin da ya san shirina sai Ma'azu, shi kuma ba a gayyace shi bikin ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne abin da kowa a yankinmu ya sani. Ƙauyukan nan da ido ɗaya suke barci. Ba a daɗe ba da wasu mutane masu rufe fuska suka shigo bisa moto suka kore shanun maƙwabtan su Sanusi. Ba wai ban ji ba, kullum a shagona ake hirar. Sai dai a cikin kaina fim yana ɗaki ɗaya, duniya tana wani ɗakin, kuma ban taɓa buɗe ƙofar da ke tsakaninsu ba.

Ranar biki aka ɗaura aure da hantsi, aka ci aka sha. Bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidan su Sanusi, mai kiɗa ya jona lasifikoki, mata suka fara taruwa. Na sulale na hau motona da jaka a baya, na zagaya bayan gari, na bi wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki. Gero ya fi tsayina. Na tura moton cikin hatsi na ɓoye shi, na tuɓe na fara sa kayan jarumta.

Tun ban gama sa wandon ba zufa ta fara bin ƙafata. Da na sa hular na ja zif ɗin sai na ji ya ci wani abu ya tsaya cak. Na ce ba komai, in an gama tafi wani ya buɗe mini. Na goya bututuna, na gyara mayafi, na fara ratsa geron ina nufar inda kiɗa ke tashi. Ina jin kaina ƙwarai. Har wata tafiya na ƙirƙiro, ta buɗe kafaɗu.

Ban yi nisa ba sai ga ni gaba da gaba da wata mata. Dattijuwa ce, ta duƙa tana tsinkar ganyen wake a ƙwarya. (Daga baya na ji sunanta Hajo.) Ta ɗago ta gan ni. Na ga idonta ya sauka kan bututun da ke bayana, ya wuce ya hango moton da na ɓoye, ya dawo kaina. Ga dama ta farko ta gwada hujjata. Na gyara tsayuwa, na ɗaga hannu ɗaya a hankali, na kauraro murya na ce, "Kada ki ji tsoro, baiwar Allah."

Ledar ta haɗiye maganar. Abin da ya fito gurnani ne, ni kaina da na ji shi ban so shi ba.

Ta saki ƙwaryar. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba, ta juya ta kwasa a guje tana ihu: "Wayyo Allah! Sun zaka! Ga su nan cikin hatsi! Jama'a, ga su nan!"

To, nan ne wurin da nake so ku yi mini adalci, ko da yake na san ba za ku yi ba. Da na ji ta ce "ga su nan cikin hatsi", ni waiwayawa na yi. Na dubi bayana. Iska ta kaɗa geron ya yi motsi. Sai a lokacin labarin masu kore shanu ya faɗo mini, na ce shi ke nan, ashe suna bayana, matar nan ta hango su ni ban gani ba. Kiɗan da ake yi a gari ya yanke ɗif. Sai kukan yara da gudun mutane. Can lasifikar masallaci ta buɗe, wani yana haki yana cewa, "Maza ku hito! Maza ku hito! Ɓarayi sun shigo ta gabas!"

Na tambayi kaina ina ne gabas. Na duba rana. Inda nake tsaye ne gabas.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na ce in na tsaya nan su za su fara kamawa, kuma wa zai biya kuɗin fansar mai tura finafinai? Sai na zuba da gudu na nufi gari, wurin jama'a, don su cece ni.

Na faso daga cikin geron na faɗo wani fili inda ake sussuka. Ga maza nan sun yi layi, sun fi ƙarfin ƙirga. Masu kwari da baka, masu gatari, masu kalme, masu taɓarya, wasu da manyan rigunan biki sun naɗe su a kafaɗa. Da na gan su sai na ji sanyi a raina. Na ɗaga hannuwa biyu ina ƙara gudu wajensu ina ihu, "Ku taimake ni! Suna bayana!"

Wani tsoho a gefe ya durƙusa ya saita bindigar toka. Na ga hayaƙi kafin in ji ƙarar. Kawunan gero suka zubo mini a ka.

A wannan daƙiƙa na gane. Babu kowa a bayana. Ni ne "su".

Na juya na koma cikin geron, su kuma suka biyo ni da wata irin kururuwa. Ina gudu ina jan zif da hannu biyu, ya ƙi motsi. Garin ja sai hular ta juya, ramin ido ɗaya ya koma wajen kunnena, ɗayan ya tsaya kan karan hanci. Na zama makaho. Ina jin karan gero yana dukan ƙirjina, ina jin ƙafafu suna matsowa, wani abu ya wuce ta gefen kaina da shuuu, ban tsaya tambayar ko kibiya ce ba. Numfashina ya ƙare a cikin leda. Sai mayafin nan da na fi alfahari da shi ya sarƙe a shingen ƙaya, ya fizge ni ta wuya, na faɗi rigingine.

Sanda ta farko a cinya ta same ni, ta biyu a haƙarƙari. Aka danne hannuwana, wani ya ɗora gwiwa a ƙirjina. Muryoyi suka rufe ni ta ko'ina.

"Ku kashe shi!"

"A'a, ku dakata shi hwaɗi inda sauran suke!"

"Ga moto nan an gani, ya ɓoye shi cikin hatsi!"

Wani ya fizge bututun daga bayana. Na ji ya ce, "Kai, wagga ai roba ta." Na ce alhamdulillahi, za su gane. Sai wani ya amsa, "Dabara ta! Bindigar gasken tana wurin 'yan uwanai!"

Ina ta magana, babu mai ji sai gurnani. Na tuna mahaifiyata. Na tuna yadda za a je a gaya mata an kashe Dirakta a gonar mutane sanye da rigar kujerar moto. Na fara kalmar shahada. Kuma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka: a daidai nan jikina ya ci amanata. Na ji ɗumi ya bi cinyata. (Ma'azu ya iya ɗinki, wannan kam na shaida. Ko ɗigo bai fita ba. Duk a takalmi ya taru.)

Garin kokawa hular ta ɗan juyo, ido ɗaya ya samu hanya. Abin da na fara gani farar shadda ce mai aiki a wuya, wadda ni na raka mai ita kasuwa muka zaɓo. Sanusi ne tsaye a kaina, da ƙarfen kwance tayar kamiyo a hannu, idonsa jawur. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na tattara sauran numfashina na ƙwala, "Sanusi! Sanusi, ni na!"

Sunan kaɗai ya fita.

"Ango, ya san sunanka!" wani ya ce. "Aiko shi anka yi! Amarya sunka zo ɗauka!"

Na ga ƙarfen ya tashi sama. Wallahi na ga inda zai sauka. Ban san daga ina maganar ta zo ba, ban shirya ta ba. Na cije ledar da haƙori na ja ta gefe, na samu 'yar kafa ta ƙarƙashin haɓa, na yi ihun da ya fi ƙarfina:

"Naka ya hi! Mai tashi sama ya hi! Nawa ɓarawo na! Na yarda, Sanusi, na yarda!"

Ƙarfen ya tsaya a sama. Mutanen suka dubi juna, don babu wanda ya fahimci abin da ɓarawon yake nufi. Sanusi ya sunkuyo a hankali ya leƙa ramin idon.

"Dirakta?"

Na gyaɗa kai ina kuka.

Ya yar da ƙarfen ya faɗo kaina ya rufe ni da jikinsa yana ihu, "Ku bari! Ku bari, abokina na! Mahaukaci na, amma abokina na!" Wata sanda da ta riga ta taso ta sauka a gadon bayansa. Ango guda, ranar aurensa. Wannan sanda har yau ita ce abin da na fi jin nauyinsa a duk labarin.

Aka yi ta fama da zif ya ƙi. Sai aka kira mahaucin da ya yanka ragunan biki. Ya zo da wuƙarsa, ko wanke ta bai yi ba. Ya kama ƙeyata ya ce, "Kada ka motsa." Na ji sanyin ƙarfe a wuyana. Na rufe ido na sake shahada, don ban tabbata duk mutanen wurin sun gamsu ba. Ya tsarga ledar tun daga wuya har tsakar ka, ya ɓare ta kamar yana feɗe akuya.

Iska ta bugi fuskata. Na buɗe ido na ga gari guda yana kallona. A cikinsu akwai 'yan fadarmu, akwai samarin da nake tura wa finafinai, akwai surukan Sanusi. Aka ɗaga ni tsaye. Na taka ƙafa, takalmin ya ce caɓal. Na sake takawa, ya sake cewa caɓal. Wanda ke riƙe da hannuna ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ɗan matsa.

Da aka shigo da ni gari na ga aikin da na yi. Rumfa ta faɗi, kujeru a warwatse, takalma ko'ina. An kife babbar tukunyar shinkafa, awaki sun samu biki. Mata suna fitowa daga gonaki da yara a hannu, wasu babu ɗankwali. Amarya a cikin rumbu aka same ta, ƙannen babanta sun cusa ta sun rufe, ta fito da ƙaiƙayi har cikin kitso. Kakar Sanusi ta gurɗe ƙafa garin tsallake danga. Wata mata tana zagaye gari tana kiran sunan 'yarta da muryar da ta dishe, sai daga baya aka samu yarinyar a ƙarƙashin gado. Muryar matar nan ta kashe duk wata dariya da ta so tasowa.

Mai gari ya riga ya buga wa jandarma waya tun ihun farko. Muna zaune a zaurensa sai ga motarsu ta iso daga Konni, sun diro da bindigogi a shirye. Shugabansu, wanda suke kira Shef, wani dogo ne marar fara'a. Aka nuna masa ɗan ta'addan: ga ni a tsugune, wandon leda, fuska duk majina, da bututun roba da rigar ledar a gabana a matsayin shaida. Ya sa na ba da labari tun daga musun fada. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Ka san abin da ya hi ba ni haushi? Ba wahalar da munka sha a hanya ba. Da wanga ƙarfe ya sauka, kai ka huta. Abokinka zan sa wa ankwa ranar aurenai. Shi da duk wanda yat taɓa ka. Mutanen da ba su yi komai ba sai tsaron gidajensu. Ka yi wanga tunani?"

Na ce ban yi ba. Gaskiya ce, ban yi ba.

Mai gari da baban Sanusi suka sa baki, suka ce wauta ce ba mugunta ba, a bar su su hukunta ni da kansu. Shef ya yarda, da sharaɗin in bi gida gida in ba da haƙuri kafin in bar garin. Ya miƙe zai fita, sai ya tsaya ya ɗauki rigar ledar da yatsu biyu ya juya ta. Ya matso kusa da ni ya rage murya yadda mai gari ba zai ji ba.

"Wanga farin layi, wa ya ce maka a ƙirji yake? Tun zango na uku anka maishe shi kafaɗa. Ka tada gari guda, kuma da tsohon yayi." Ya yar da rigar. "Ni dai tun can mai tashi sama nike so."

Wanda takalminsa ke cewa caɓal ba ya musun fim da jandarma.

Haka na bi garin, Sanusi a gaba yana dafe da baya, ni a biye. Wasu suka zage ni, na ce na cancanta. Wasu suka ce Allah shi kyauta. Kakar Sanusi, da ƙafarta a ɗaure, ta sa aka matso da ni ta ja kunnena har na ga taurari, sannan ta ce a ba ni fura. Gidan ƙarshe na Hajo ne. Muka same ta zaune a bakin ɗaki. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yahe mini. Wallahi wasa na yi niyya. Shi ya sa ma nac ce miki kada ki ji tsoro."

Ta dube ni ta ce:

"Haka kac ce?"

"Haka nac ce, Inna."

"To gara da ban ji ba," in ji ta. "Waɗanda sunka kore shanun ƙanena, da sunka shigo, abin da sunka hwara hwaɗi ke nan. Kowa shi zauna, kada ku ji tsoro."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ce ta yafe, amma in je in ɗauko mata ƙwaryarta a inda ta yar. Na koma gonar na ɗauko, na tsince mata ganyen waken da ya zube.

Washegari aka sake kafa rumfa aka ƙarasa biki, ni ina can Konni kwance ana gasa mini haƙarƙari. Kafin in warke labari ya kai Malbaza ya kai Illela, kowa da irin ƙarin da yake yi masa. A wani ƙaulin ma an ce na tashi sama. Na koma shago, ina nan ina tura finafinai, kuma har gobe in aka tambaye ni ra'ayi ina bayarwa, sai dai yanzu a zaune nake bayarwa, da muryar da Allah ya ba ni.

Abin da na koya kuwa, wanda duk kallon da na yi ban lura da shi ba sai da na sha sanda: a fim, in jarumi zai shigo, kiɗa ake sakawa mai daɗi don 'yan kallo su san nasu ne. Kiɗan nan ne yake hana a fasa masa kai, ba tsayuwa ba. A gonar gero babu mai saka maka kiɗa. Saboda haka in har ka ƙudura sai ka ba mutane mamaki, ka gaya wa ko mutum ɗaya a cikinsu tukuna. Kuma duk abin da tela zai ce maka, kada ka yarda a sa zif a ƙeya.